Abin da Mai Kunne Bai Ji Ba

A can ƙarshen layin bakanikai akwai wani gareji mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe da ba ta rufuwa sai an ɗan tallafe ta da ƙafa. Mai garejin, sunansa na ainihi ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Mai Kunne ake ce masa, har maiɗakinsa in ta so tsokana haka take kiransa. Tun yana koyon aiki ya samo sunan a bakin ubangidansa, wanda ya lura cewa in mota ta karyo kwanar layin, kafin direba ya taka birki shi ya riga ya faɗi ciwonta. In kuma ciwon mai ɓuya ne, sai ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraren gulma a bayan ƙyaure. Da wuya ya ɗago bai kama ɓarawon ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. Bai daɗe da aure ba iyayensu suka rasu a kusa da juna, suka bar masa ƙaninsa, ɗan autansu, wanda a lokacin ko wanka bai iya yi wa kansa ba. Maiɗakin Mai Kunne ce ta goya shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita take bin sa makaranta in ya yi faɗa. Shi ya sa Auta bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Umma, har sunan ya bi ta, 'ya'yanta mata biyu da ta haifa daga baya ma a bakinsa suka ɗauka.

Auta ya tashi dogo, mai fara'a, mai son farar riga. Ya yi karatu ya samu aiki a wani babban kantin magani, ya auri wata malamar makaranta mai sanyin magana da kowa a gidan yake ce wa Malama. Amma jinin mota yana jikinsa. Wata rana sai ga shi an jawo masa wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu daga wurin masu kayan gwangwan, tayoyi duk sun kwanta, kaji sun yi ƙwai a kujerar baya. Umma ta leƙa ta ce in dai wannan ce motar, gara ya bar wa kajin gidansu. Auta ya yi dariya ya ce ta jira ta gani.

Duk ranar hutu yana gareji, ya tuɓe farar rigar ya rataye a ƙusa. Shi da yayansa suka sauke injin suka ɗora wanda ya fi shi, suka sauya giya, maƙwabcinsu Mai Walda ya ƙera mata salansa mai faɗin baki. Daga ƙarshe Auta ya kawo tobo. Tobo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta riƙa ɗura wa inji iska da ƙarfi. Inji in ya sha iska da yawa dole a ƙara masa mai daidai da ita. In man ya gaza, wutar ciki takan yi zafin da ya wuce ƙima, inji ya fara wata siririyar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, in kuma aka ci gaba da taka shi a haka sai fistin ya narke. Mai Kunne ya san wannan ƙarar tun kafin Auta ya yi haƙori.

Da aka gama haɗa tobon, Auta ya zo da wani ɗan kwali ya buɗe a kan bencin aiki. Sansa biyu ne a ciki, 'yan ƙarafa kamar fulogi masu dogon waya, kowanne da mitarsa. Ya yi bayani cewa ɗaya ana ɗaura shi a jikin salansa ya riƙa shinshina hayaƙi, ya faɗi ko mai da iska sun daidaita, ɗayan kuma yana auna zafin hayaƙin tun daga bakin inji. Mai Kunne ya juya su a hannu, ya dubi Mai Walda da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Ka ji ɗan kantin magani," in ji shi. "Motar ma sai ya soka mata ma'aunin zazzaɓi a hammata."

Mai Walda ya yi dariya har da riƙe ciki. Auta ma ya yi dariyar, ya ce ai taimako ne kawai, Yaya. Yayan ya ce shi bai tsufa da har ƙarfe zai riƙa gaya masa abin da inji ke cewa ba. Auta ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa, ya rufe kwalin ya miƙa dogon hannunsa ya ɗora a kan kantar sama. Mai Kunne ya tayar da motar, ya murɗa sukurun mai kaɗan kaɗan yana saurare, suka zaga unguwa suka dawo, ya buga bonet da tafin hannu ya ce ta zauna.

Motar kuwa ta yi lafiya a cikin gari. Auta yana da wata ɗabi'a, in ya karyo kwanar layin sai ya taka totur sau biyu, vum, vum, don a san ya iso. Umma daga gida, da yake bayan garejin suke zaune, takan ce ga mai hana jarirai barci nan ya zo.

Ranar da abin ya faru, Auta da Malama za su je gaida iyayenta a wani gari. A hanyar akwai doguwar hawa, siririya, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami, da kwana a kusa da ƙarshe. Injin ya mutu musu daf da kwanar. Auta ya sa Malama ta riƙe sitiyari, shi ya fita yana turawa daga baya don su kai inda hanyar ta ɗan buɗe. Wata mota ta taho da gudu, direban bai gan su da wuri ba. Malama ko ƙwarzane ba ta yi ba. Auta bai kai asibiti ba.

Janwe ya kawo motar gareji, bayanta a lotse. Mai Kunne ya sa aka tura ta can ƙurya, ya lulluɓe ta da tampol, ya ɗora tsofaffin tayoyi a kai. Ya koma aiki da wuri fiye da yadda kowa ya zata, kuma bai yi kuka a gaban kowa ba. Mutane suka ce mutumin nan akwai tawakkali.

Ba su san abin da yake ji ba. Yana kwance a ƙarƙashin mota da rana tsaka, hannu dumu-dumu da baƙin mai, sai ya ji vum, vum daga bakin layi, sarai, har da 'yar shaƙewar nan da salansar Mai Walda ke yi a karo na biyu. Sai ya turo kansa waje ya miƙe. Layi fayau, sai mai tura baro da wani kare a inuwa. Da farko yakan tambayi Mai Walda ko ya ji mota, daga baya ya daina tambaya, don ya ga irin kallon da ake yi masa. Wani lokaci kuma ba totur ba ne, wata siririyar tsuwa ce a kunnen hagu da ba ta ɗaukewa, kamar an bar rediyo a tsakanin tasha biyu. In ya juya wajen ƙurya sai ya ga kamar tampol ɗin ya ɗan motsa. Iska ce, ya sani. Duk da haka ya daina juya wa ƙuryar baya in yana cin abinci.

Akwai wasu abubuwan da ya riƙa ba wa kansa uzuri a kansu. Umma ta koma yin magana ciki-ciki, in ji shi, sai ta maimaita sau biyu. Wayoyin yanzu ba su da ƙara. Wani mai tasi ya dawo da mota har sau biyu yana cewa tana kuka a gaba, shi kuwa ya saurara ya saurara bai ji komai ba, ya ce wa mutumin kunnensa ne. Mutumin bai sake dawowa ba.

Sai da damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa, sannan wata safiya ya sauke tayoyin ya yaye tampol. Ƙamshin turaren Auta yana nan a kujera, ya gauraya da warin ƙura. Ya saki ƙofar ya ɗauko sifana. Da ya ɗaga kan injin ya ga abin da yake tsoron gani. Fistin na uku ya huje a tsakiya, bakin ramin ya narke ya zubo kamar kyandir. Ya san abin da ke yin haka. Amma ya san kuma ba abu ɗaya ke jawo shi ba: gurɓataccen mai yana yi, fanfon mai in ya gaji yana yi, toshewar nozul masu fesa mai tana yi. Haka nan saitin da bai kai ba yana yi. Ya duba fanfon, lafiyarsa lau. Ya duba nozul, a buɗe suke. Man da ke tanki ya daɗe da lalacewa, ba zai ba da shaida ba.

Ya ɗauko jan fenti ya ɗiga a kan sukurun mai, daidai inda hannunsa ya bar shi, don kada ya motsa ko da kuskure. Sannan ya shiga gyara. Ya sauya fistin, ya wanke komai, ya mayar da kowane noti mazauninsa, Mai Walda ya buge lotsawar baya. Umma ta tambaye shi ko sayarwa zai yi, ya ce a'a. Ta tambaye shi to me zai yi da ita, ya ce akwai abin da yake so ya tambayi motar.

Kantar sama ta fi ƙarfin tsayinsa, sai da ya taka jarka ya sauko da kwalin. Ƙura ta yi masa bargo. Ya kwance bututun da ke fitowa daga kan injin gaba ɗaya kafin ya huda shi, don kada ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa cikin tobo, ya ɗaura sansan zafi a nan. Na hayaƙin kuma sai ƙasa da tobo, inda Mai Walda ya huda salansa ya liƙa noti, ya ɗan karkata shi sama yadda raɓar da ke taruwa a bututu ba za ta kwanta a bakin sansan ba. Mai Walda ya yi aikin nan bai yi wasa ko ɗaya ba, shi da bakinsa ba ya hutawa. Da ya ɗage gilashin fuskarsa sai ya ce, a hankali, shi ma fa ya yi dariya ranar nan. Mai Kunne ya ce ya miƙo masa filaya.

Ya ja wayoyin nesa da zafi, ya ɗaure su, ya shigar da su ciki, ya kafa mitocin biyu a kan dashbod. Ɗaya lamba take nunawa, ɗaya allura ce da jan yanki a ƙarshe. Takardar bayanin da ke cikin kwalin rubutunta ƙanana ne, harshen kuma ba nasa ba, sai ya aika aka kira Malama. Tun rasuwar ta koma gidan iyayenta na wani lokaci, sannan ta dawo bakin aikinta, tana zuwa gaida Umma amma ba ta taɓa bi ta ƙofar gareji ba. Ta zo ta tsaya nesa da motar, ta karanta masa: in ana hawa lambar ta riƙa yin sama, mai ya gaza, in allura ta shiga ja, a ɗaga ƙafa. Da ta gama ta ninke takardar ta tambaye shi inda zai gwada ta. Ya dubi bayan motar. Ta ce ta gane, hawan nan ne, kuma da ita za a je, don mutum ɗaya ba zai kalli hanya ya kalli mita ba.

Umma ta yi faɗa, ta ce su biyun duk ba su da hankali, ta ce ita ɗayan da ta binne ya ishe ta. Malama ta durƙusa a gabanta ta ce, "Umma, ni kullum ina kan hanyar nan. Gara in je da ido biyu." Umma ta juya ta shige ɗaki.

Suka fita da hantsi. Kujerar direba tana can baya inda dogayen ƙafafun Auta suka bar ta, Mai Kunne bai matsar da ita ba, matashi ya sa a bayansa. Lambar tana wasa a wuri ɗaya, allura tana ƙasa. Da suka iso gindin hawan ya ga hannun Malama ya kama bakin kujera. Ya sauke giya ya taka.

Motar ta ɗauka da ƙarfi, tobo ya cika, kujera ta tura shi a baya. Malama tana karanto lambar da muryar aji. Tun tana faɗin lamba ɗaya har ta fara hawa, ta ce tana ƙaruwa, Yaya, allura ma ta tashi. Shi kuwa ya kasa kunne iya ƙarfinsa. Injin yana ruri mai kauri, mai daɗi, irin wanda yakan buga wa bonet ya ce ta zauna. Sai ya ji ta daina karatu.

"Yaya, ka ji?"

"Me?"

"Ga shi nan. Kamar tsakuwa a gwangwani. Irin ta ranar ce."

Ya karkata kai, ya juya kunnen dama, ya juya na hagu. Ruri kawai, da tsuwar nan tasa ta kullum. Ya saci kallon mita, allura ta taɓa ja. Ya ɗaga ƙafa. Motar ta lallaɓa da su har inda hanya ta buɗe bayan kwanar, wurin da Auta ya so kaiwa, ya gangara gefe ya kashe ta.

Manyan motoci suna wucewa, iskarsu tana girgiza ƙaramar motar. Shi ne ya fara magana, ya tambaye ta ko Auta ya ji ƙarar a ranar. Ta ce ya ji, har ya ce mata mai ne ya gaza. Amma tirela ce a bayansu kamar za ta hau su, ba gefen da za a ratse, sai ya ce bari ya lallaɓa ta su kai sama. Tirelar ta samu ta goce ta wuce bayan injin ya mutu, motar da ke bayanta ce ba ta goce ba.

Mai Kunne ya ce, to da Auta ya san haka, me ya hana shi ɗaura abin nan tun farko, ko a wani garejin ne. Malama ta juyo ta dube shi.

"Ya ce min kunnenka ya fara nauyi. Ya ce yakan kira ka daga baya ba ka juyowa. Don kai ya sayo su, Yaya, ba don motar ba. Ya ce zai samu ranar da zai gaya maka, amma ba a gaban mutane ba, kuma ba zai kai motar da ka taɓa wurin wani ba."

Mai Kunne ya buɗe ƙofa ya fita. Ya ɗaga bonet ya tsaya a bayansa inda ba za ta gan shi ba, ya dafa ƙarfen, ko zafinsa bai ji ba. Malama ba ta fito ba, ta bar shi. Da ya samu kansa sai ya ɗauko sukudireba, ya karya jan fentin, ya ƙara mai. Suka juya suka sauka har gindin hawan suka sake hawowa. Wannan karon lambar ta tsaya, allura ta tsaya a tsakiya, ya tambaye ta ko tana jin wani abu, ta ce babu. Murɗawar da ya yi ba ta kai rabin zagaye ba.

A makon ya je asibiti, Umma ta raka shi. Likita ya sa masa wani abu a kai yana sako ƙararraki, ya ce ya ɗaga hannu in ya ji. Masu kauri ya ji su duka. Sirara kuwa ya zauna hannu a cinya, yana ganin likita yana rubutu. Aka ce shekarun da ya yi kansa a jikin inji ne suka cinye su, kuma abin ya daɗe, tsuwar da yake ji ma daga nan take. Ya so ya tambaya ko totur sau biyu ma daga nan yake, sai ya bar wa cikinsa.

Bai rufe gareji ba. Ya ci gaba da birki da giya da kuloci, aikin da ido da hannu ke yi. Masu ƙara wa mota ƙarfi in sun zo yakan ce sai sun kawo sansa biyun nan, in ba haka ba su gwada gaba, kuma da kansa yake gaya musu dalili, cewa shi ba ya ji. Sunan dai bai sauka ba, shi ma bai nemi a sauke ba. Malama ta ce ba ta son motar. Bayan wasu shekaru ta yi aure ta bar garin, takan kira Umma a waya. Motar tana nan a ƙurya ba tampol, yakan tayar da ita lokaci lokaci ta yi zafi ya kashe. Vum, vum ɗin bai daina zuwa ba, sai dai ya daina fitowa dubawa. Yakan tsaya da sifana a hannu har ya wuce.

Babbar 'yarsa ce ta matsa aka yi masa na'urar ji, 'yar ƙarama da ake maƙalawa a bayan kunne. Ranar da ya fara sa ta ya dawo gida da la'asar, duniya duk ta cika da ƙananan ƙararraki da ya manta da su, ƙarar cokali, kukan ƙyauren ɗaki, takun silifas. Ya zauna a tsakar gida. Umma tana wanke-wanke ta ba shi baya, sai ya ji tana magana ƙasa ƙasa, yadda mutum ke yi in ya saba ba mai jin sa. Ya ɗauka waƙa take. Da ya saurara sai ya ji hira ce take yi da Auta. Tana cewa yayanka yau an sa masa abin kunne, ka gan shi kamar ɗan jarida, da kana nan da ka ishe shi da tsiya. Ta ɗauraye kwano ta kife, ta ci gaba da ba shi labarin jikar da ta fara tafiya, da rufin ɗakinsa da ke yoyo.

Mai Kunne bai motsa ba. Ya kai hannu bayan kunne kamar zai cire na'urar, sai ya sauke hannun, ya zauna yana ji har ta gama wanke-wanken.